Kajin Inna Masu Gajerun Ƙafa

Shagon Mai Makulli bai fi faɗin tabarma ba. A ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai gyaran takalma da kantin fenti, kuma duk mai shiga sai ya sunkuya. A ciki akwai injin yanka makulli, da allon katako da aka jera wa ƙusoshi inda ɗanyun makullai ke rataye, da kujerar roba wadda ƙafarta ɗaya ta sha ɗauri da waya. A nan ya yi furfura. Hannunsa na da kyau, haƙurinsa ne kaɗan. In ka kawo masa aiki ka ce ya yi sauri, sai ya ajiye makullin ya dube ka ta saman tabarau har ka rasa inda za ka sa idonka. In kuwa tsautsayi ya sa ka ambaci kaza, to nemi wurin zama, don makullin nan naka ba yanzu ba.

Kajinsa durgu ne, wato masu gajerun ƙafa, waɗanda in suna tafiya sai ka ce cikinsu ne ke sharar ƙasa. Launinsu wake-wake, baƙi da ɗigon fari. Na mahaifiyarsa ne, wadda kowa a gidan ke kira Inna. Ranar da ya je ɗauko ta don ta dawo wurinsa da zama, ta ce ko a tafi da ita da kajinta, ko a bar su tare. Haka aka zo da su cikin kwando a kan cinyarta. Da ta rasu ba ta bar gona ba, ba ta bar zinariya ba, su ta bari. Shi kuwa ya riƙe su a ɗan filin bayan gida, bai taɓa bari wani baƙon zakara ya raɓe su ba. Kowace safiya kafin ya tafi shago yakan tsaya da gwangwanin tsaba yana kiransu da irin kiran da take yi musu, har da ɗan tarin da take yi a ƙarshe.

Ba shi kaɗai ke da wannan cuta ba. Akwai su da dama a garin, masu kiwon sha'awa da masu shuka a bokiti da tsohuwar taya, kuma suna da guruf a waya inda ake ta turo hoton kaza kamar hoton amarya. Suna kiran kansu 'yan musaya. Doka biyu gare su. Ta farko, kuɗi ba ya shiga tsakaninsu: ka kawo dashen rumman ka tafi da 'yan tsaki, ka kawo ƙwan agwagwa ka tafi da reshen fure. Ta biyu, abin da ya bar hannunka ya bari ke nan, ko musaya ce ko kyauta. Wannan ta biyun Mai Makulli ne da kansa ya kafa ta, ranar da wani ya dawo masa da kaza bayan ta gama saka ƙwai yana neman a mayar masa da tattabarunsa. Tun daga ranar yake maimaita ta ga duk sabon shiga, yana kaɗa yatsa.

Da yake durgunsa na da farin jini, bayan gidan ya cika da tsirrai. Na'ana'a a tsohon baho, barkono mai launi uku, inabi da ya hau igiyar shanya har matarsa ta rasa inda za ta rataya zani. Sai dai duk cikinsu babu kamar bishiyar lemonsa, wadda ke cikin rabin duro. Ita ba musaya ya yi ba. Da hannunsa ya yi mata aure, ya tsaga rassanta ya ɗaura na wasu a jiki, ya yi ta faɗuwa yana sakewa shekara da shekaru, har ta zama gindi ɗaya yana ba da lemon zaƙi da na tsami da tanjirin. An sha yi masa tayi a kanta, yakan ce ko a mafarki.

Wata safiya masu kwashe shara suka bar ƙofar baya a buɗe. Yana shago matarsa ta kira shi, ta ce ya bar abin da yake yi ya zo. Wani kare ne mara gida ya shiga. Bai ma ci ba, ɓarna kawai ya yi, kuma durgu ba ta iya tashi sama balle ta haye katanga. Gashi ko'ina, har cikin bahon na'ana'a. Gawar zakaran tana bakin akurki, da alama shi ya tsaya ya tare. Kaza ɗaya ta tsira, tsohuwar cikinsu da suke kira Kaka, ita ma don ta kutsa bayan duron lemo ne inda bakin karen bai kai ba.

Ya yi baƙin ciki sosai, har ya kasa cin abinci. Amma bai tsorata ba tukuna. Ya ce wa matarsa, "Rabin garin nan durguna ne a gidajensu. Zakara ɗaya kawai nake nema. Kaka tana ɗan saka ƙwai har yanzu, kafin shekara ta zagayo kin ga akurkin ya cika."

Ta ce, "Allah ya sa, Malam. Amma ka san mutanenka."

Ashe bai san su ba. Washegari ya rufe shago da wuri ya fara yawo. Su kuwa 'yan musaya ba sa zuwa gidan juna hannu rabbana, sai da ɗan wani abu daga shukarsu ko kiwonsu. Ba shi da kwanciyar hankalin cirar dashe, don haka duk ƙwan da Kaka ta saka a 'yan kwanakin nan sai ya naɗe a hankici ya sa a aljihu. In ya miƙa sai ya ce, "A soya wa yara. Ba zakara a gidan, na ci ne kawai."

Gidan Tela ya fara zuwa, wanda ya taɓa karɓar zakara da kaji biyu a kan inabin nan. Tela ya tashi daga kan keke da fara'a, ya ja shi wajen kajinsa yana cewa, "Zo ka ga aikin da na yi. Na gyara maka su." Mai Makulli ya leƙa ya ga wasu zanƙala-zanƙalan halittu masu ƙafa kamar ta balbela, da ɗan ɗigon fari nan da can a wuya.

"Mene ne wannan?"

"Jikokin naka ne. Na haɗa su da manyan nan na nama. Ka ga yanzu ga tsayi ga nauyi. Naka ai, ka yi haƙuri, kamar an danne su da dutse."

"Zakaran da na ba ka fa?"

"Wancan ai ya daɗe da tafiya. Manyan sun hana shi sakat."

Daga nan sai gidan Direba, mai motar ɗaukar kaya, wanda shi ma ya taɓa karɓar zakara. Shi ko kunya bai ji ba. Ya ce surukansa ne suka zo ba zato, gida babu komai, ya duba ya ga wanda ya fi saurin kamuwa. "Ka san ba ya gudu. Kuma wallahi naman akwai daɗi, sai da surukata ta tambayi irinsa." Da ya ga fuskar baƙon nasa ta canja sai ya ƙara da cewa ai sabo da kaza ba ya hana yanka. Mai Makulli ya miƙa masa ƙwai ya fito, bai ko sha ruwan da aka kawo ba.

Haka ya bi su gida-gida. Wannan mura ta kwashe nasa, wancan ya ba ɗan'uwansa a wani gari kuma ba sa magana yanzu, wani ma ya manta an taɓa ba shi. Da ya rubuta a guruf cewa yana neman zakaran durgu wake-wake tsantsa, sai aka yi ta turo masa hoton duk wata gajeriyar halitta mai fuka-fuki. Wani ya ce yana da agwagwa, ita ma ai ƙafarta gajeriya ce. Aka yi ta dariya. Abin da ya fi ƙona masa rai, kowa sai ya fara da jaje mai tsawo, sannan ya tambaya ko inabin ya yi 'ya'ya bana. Shekaru yana raba musu abin da ya fi ƙauna, ashe su a wurinsu kaza ce kawai.

Wadda ya bari a ƙarshe ita ce Sista, tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya, ta mayar da gidanta rabin lambu rabin asibitin kaji. A bakin ƙofarta akwai faranti da ruwan magani, kowa sai ya tsoma takalminsa kafin ya shiga. Ba ta taɓa samun durgu daga wurinsa ba, domin duk lokacin da suka zauna ciniki sai ta kawo zancen bishiyar lemo, shi kuma sai ya tashi. Ya je ne kawai don ta san kowa. Ta saurare shi har ya gama, ta ce ba ta san mai irinsu ba. Ya ciro hankici ya ba ta ƙwai biyu da suka rage, ya maimaita mata abin da yake faɗa wa kowa. Ta karɓa, ta juya su a tafin hannu, ta tambaye shi yaushe karen ya shiga. Ya faɗa mata. Ta ce ta gode, Allah ya mayar da alheri.

Makonni suka wuce. Ya koma shago da baƙin rai, har ya lalata wa wani makullin mota, abin da bai taɓa yi ba. Wata rana da hantsi yana cikin goge bakin makulli da zarto wayarsa ta yi ƙara. Sista ce ta turo hoto a guruf: wata jar kaza a kwance, a gabanta 'yan tsaki biyu, baƙaƙe da fari a ƙirji, cikinsu na taɓa ƙasa. Ba ta rubuta komai ba.

Bai tsaya rufe shago da kyau ba, ya ce wa mai gyaran takalma ya duba masa. A ƙofar Sista ya nemi ya tsallake farantin, ta ce masa daga ciki, "Malam, takalmi." Ya dawo ya tsoma.

"Sista, ina kika samo su?"

"A aljihunka. Kai ka kawo min."

"Ƙwan nan ba zakara."

"Ranar da ka kawo su ba zakara. Amma kaza ai tana riƙe abin zakara a jikinta kwanaki bayan an raba su. Na ga jar nan tana kwanci, na ce bari in gwada. Ni fa na ɗauka ka sani, kai da ka taɓa yi mana dogon bayani a kai."

Ya sani mana. Shi ya koya wa rabinsu. Baƙin ciki da gaggawa ne suka rufe masa ido, ya ga gawar zakara ya yanke cewa komai ya ƙare. Nan take ya fara tuna inda sauran suka tafi: na gidan Tela, na gidan Direba, na gidan wanda ya manta an taɓa ba shi. Yana yawon neman zakara ƙafa duk ƙura, ga zakarun a aljihunsa yana raba su ana fasawa a kasko.

Daga ƙarshe ya ce, "To alhamdulillahi. Bari in samo kwali."

"Kwalin me?"

"In tafi da su mana."

Sista ta gyara zaman tabaranta. "Malam, wa ya kafa mana dokar abin da ya bar hannu?"

Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya yi magiya, ya kawo zancen Inna, ya kawo zancen zumunci, ya yi tayin inabi da rumman da barkono gaba ɗaya. Ta ce duk tana da su. Ta ce ita ba muguwa ba ce, za ta ba shi ɗaya, ya zaɓa da kansa, ɗayan kuma nata ne don kazarta ce ta sha zafin kwanci. Abin da take so kuma ya san shi, ba sai ta faɗa ba.

"Amma ka bari su ɗan tasa," in ji ta. "Yanzu ba mai iya cewa ga namiji ga mace. In sun nuna kansu sai ka ɗauki zakaran, in akwai."

Shawara ce mai kyau, kuma da wani ne ya ba shi da wataƙila ya ɗauka. Amma Kaka na tsufa, kuma zuciyarsa ba ta yarda ya bar su kwana ɗaya a hannun matar nan ba, kada gobe ta ce ta fasa. Ga kuma girman kai, wanda bai taɓa rasa shi ba. Ya ce, "Sista, tun ina yaro nake cikin kajin nan. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima." Ya tsuguna ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya buɗe fiffike, ya duba ƙafa, ya tafa hannu ya ga wanda ya miƙe wuya maimakon ya ɓuya. Ya nuna shi. "Wannan namiji ne. In ba namiji ba ne ki canja min suna."

Da yamma motar Direba ta zo. Mutum huɗu suka ciccibi duron, rassan na karce bangon lungu, ƙananan lemo na zuba ƙasa. Matarsa tana tsaye a ƙofar kicin, da motar ta tafi ta ce, "Malam, bishiyar nan ta girmi autarmu." Ya ce ya sani. Ya ji zafin abin har cikin ƙashinsa, amma da ya buɗe kwali ɗan tsakon ya fito yana jan ciki a kan siminti, sai ya ga kamar an biya shi. Ya sa masa suna Magaji.

Ba a taɓa yi wa ɗan tsako gata irin na Magaji ba. Dafaffen ƙwai, garin ƙananan kifi, ganyen da aka yanka siriri. Ya sa aka yi wa ƙofar baya kwaɗo biyu, ya yanka makullan da kansa. Kullum sai ya duba kan Magaji ko zanko ya fara tasowa, ya duba wutsiya ko ta fara lanƙwasa. Zankon dai ya fito ɗan mitsitsi ya tsaya. Wutsiyar ta tsaya cak kamar tsintsiya.

Matarsa ce ta fara ganewa. Tana shanya ta ce, "Wannan Magajin naka fa tafiyar mata yake yi."

"Ke me kika sani a kaji?"

"Ban san komai ba. Na dai san shekara nawa ina share kashinsu."

"Durgu suna da jinkiri. Ubansa ma sai da ya daɗe kafin ya yi cara."

Haka ya yi ta maimaitawa, ga matarsa, ga 'yan guruf da ke tambaya da gangan, ga kansa. Da asuba in ya idar da salla yakan fito ya tsaya bakin akurki yana kasa kunne. Har ya kunna masa carar zakara a waya, wai ko zai koya. Magaji ya karkata kai ya saurara, ya ci gaba da tonon ƙasa. A cikin wannan jiran ne Kaka ta daina saka ƙwai. Ta fara da tsallake kwanaki, sannan ta yi wani ɗan ƙarami mai laushin ɓawo, daga shi ba ta ƙara ba. Ya canja mata abinci, ya daka mata ɓawon ƙwai, ya sayo magani. Tsufa dai ba shi da magani.

Sai wata safiya ya ji kyarkyara a bayan gida, irin wadda kaza ke yi in ta sauke nauyi. Ya fito da gudu da takalmi ɗaya, yana murna Kaka ta dawo. Kaka tana gefe tana shan rana, idonta a lumshe. Magaji ne ya fito daga cikin akurki yana shela, a bayansa ga ɗan ƙwai mai ɗumi a kan ciyawa. Matarsa ta leƙo ta taga, ta duba ƙwan, ta duba mijinta, ta ja labule a hankali. Wannan jan labulen ya fi masa ciwo a kan ta yi dariya.

A makon nan Sista ta turo murya a guruf. Ba magana a ciki, carar saurayin zakara ce, tana fita a shaƙe kamar ta yaron da muryarsa ke fashewa.

Ya zauna ya auna lamarin ta kowane gefe, bai ga ƙofa ba. A duk inda ya sani, durgun Inna uku suka rage: tsohuwa da ta gama, budurwa a gidansa, zakara a gidan Sista. Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi. Ya tsoma takalmi ba tare da an ce masa ba. Bishiyarsa na tsakar gidan, an yi mata sabon fenti a duro, ta yi fure fal, ƙamshin ya cika wurin. Ya kawar da kai. A ƙarƙashinta zakaran ke yawo, wake-wake, ƙirji a gaba, zanko ja wur, kamar ubansa ya dawo.

"Sista, aro na zo nema. Ki ba ni shi na ɗan lokaci in dawo miki da shi."

"Ba na ba da aro, Malam. Na taɓa yi sau ɗaya, zakaran ya dawo min da mura, na binne kaji har na gaji. Abin da ya fita gidan nan ba ya dawowa."

"To in kawo ta ta kwana biyu."

"Gidana ba masauki ba ne. Wadda ta shigo sai na killace ta na ga lafiyarta, in ta shiga cikin sauran kuma ta zauna ke nan."

"To mu yi musaya, ki ba ni shi. Ki faɗi abin da kike so."

Ta dube shi, ba da izgili ba, kusan da tausayi. "Me ya rage a bayan gidan naka da ba ni da shi? In ka ce ka ba ni macen ka karɓi namijin, ka haɗa shi da wa? Kuma gaskiya na saba da shi. Ni ba abin da ya dame ni, ga kaji nan ja da fari, duk matansa ne. Kai ne mai son tsantsa."

Ya duba, ya ga kuwa zakaran na zagaya wata ƙatuwar farar kaza mai dogayen ƙafafu, yana jan fiffike a ƙasa. Ya tuna abin da ya gani a gidan Tela. Ya yi sallama ya fita, ransa a ɓace, yana jin haushin ta, da Tela, da karen, da masu shara, amma duk in ya zagayo sai haushin ya dawo kansa.

Kwana da kwanaki bai yi zancen ba. Magaji na ta saka ƙwai, kyawawa, a jere, ba ɗaya da zai zama komai. Matarsa ta daina tambayar ko ta soya, sai ta tara su a kwano ta rufe. Ran nan tana wanke-wanke, bayanta gare shi, ta ce, "Malam, in tambaye ka. Kajin kake so su rayu, ko kai kake so a ce kana da su?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Tambaya ce kawai. Inna dai da ta ga ba za ta iya ba, ai ba ta tafi da su ba. Wani ta bar wa."

"Ɗanta ta bar wa."

"To. Allah ya ba ka haƙuri."

Ya yi fushi da ita har yamma. Washegari da safe ya samo kwali a kantin fenti, ya huda shi da tsinin makulli, ya shimfiɗa ciyawa. Magaji ba ta yi gardama ba, ta saba da hannunsa. A hanya ya riƙe kwalin a ƙirji yana jin motsinta, duk wanda ya gaishe shi sai ya amsa a gajarce.

Sista ta karɓa da hannu biyu. Ta duba idon kazar, ta buɗe bakinta, ta shafa ƙirjin, ta ce an kula da ita. Ta sa ta a wani keɓaɓɓen keji ta ce in ta ga lafiya za ta ware su su biyu, ba za ta bari farar nan ta shiga tsakani ba. Ta yi masa wannan alkawari ba tare da ya roƙa ba, kuma ya san tana cika magana. Zakaran ya riga ya iso bakin kejin yana leƙe.

Mai Makulli ya tsaya da kwali a hannu. Ya ce, "Ba ta son dusa mai ruwa. Kuma in za ki kira su, ba a yi musu tafi, ana..." Ya buɗe baki zai yi kiran Inna, sai ya ji ba zai iya ba a tsakar gidan wata. Ya rufe kwalin.

"Za su saba da nawa," in ji Sista.

"In sun ƙyanƙyashe fa?"

"In sun ƙyanƙyashe kai ne na farko da zan kira. Sai ka zo da abin da kake da shi mu zauna."

Ya ce to. Bai koma shago ba, gida ya wuce. Bayan gidan ya yi masa faɗi. Ya ɗebo tsaba a gwangwani ya watsa kamar yadda ya saba, hannu cike, sai da ta zube ya ga ta yi wa kaza ɗaya yawa. Kaka ta taso a hankali ta tsattsaga kaɗan ta bari. Ya ja bokiti ya kifa ya zauna kusa da ita, ya zura wa tsirran nan ido ɗaya bayan ɗaya, na'ana'a, barkono, inabi, rumman, yana neman wanda zai iya kai wa Sista a ba shi jikan kazar uwarsa. Bai ga ko ɗaya ba.